Masu Bisharar Ƙasar Gangara da Harshen da Ba Su Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gangara, ko a wani gari tsakanin Agye da Gazawa, ya san yadda ake tafsiri da watan azumi. Mutum biyu ne ke zama gaban jama'a, ɗaya yana jan baƙi da Larabci, ɗaya yana fassara da Hausa. Ko wanda bai taɓa riƙe allo ba ya san akwai baƙi akwai fassara, ya kuma san wanne ne asali. Shi ya sa tambayar da maƙwabta suka fi yi wa ƴan tsirarun Kiristocin wannan yanki, tun zamanin kakanninmu, ita ce: to ku, ina baƙin littafinku? Galibi ba da faɗa ake yin ta ba. A gindin gawo ake yi, ko kan hanyar kasuwa, ko wajen zaman makoki, tsakanin mutanen da gonakinsu ke iyaka da juna, waɗanda in an bi salsala ma kaka ɗaya ya haife su.

Tsofaffin masu bishara suna da amsa. Sukan ce Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, wato harshen mutanen Girka na dā. Haka aka gaya musu a makaranta, kuma gaskiya ce. Sai dai a wancan lokaci cikin waɗanda na sani babu wanda ya taɓa ɗora ido kan ko harafi ɗaya na wannan harshe. Talakawan masu bi kuwa, da yawansu sun ɗauka Turanci ne asalin, tunda shi suke gani a hannun Turawan mishan. Shekaru da dama aka yi ana wa'azin Linjila a wannan ƙasa a haka, kuma ya kamata a waiwaya a ga yadda aka yi, da abin da aka samu, da abin da aka rasa.

Littafin da ke hannunsu yana da nasa tarihin, kuma wani ɗan ƙasar nan yana cikinsa tun daga tushe. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, daga baya aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön, yana ba shi labarai da Hausa, shi kuma yana rubutawa. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, fassarar Schön, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya cika. Wato Linjila ta fara magana da Hausa ne a wani ɗaki a Ingila, tsakanin Bature mai ilimin littafi wanda Hausarsa ba ta nuna ba, da yaro mai Hausa tsantsa wanda bai san Helenanci ba. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912.

Waccan fassara ba ta yi nisa a hannun mutane ba. Wadda ta zauna ita ce ta 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki da rubutun boko, wanda Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranci aikinsa. Miller ya fara koyon Hausa a Tarabulus, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallama a 1900, daga baya ya zauna Zariya shekara da shekaru. Hausarsa ta Kano da Zazzau ce. Wannan littafi shi ne ya haye iyaka ya zo mana, shi ne kuma ya riƙe ikilisiyoyin ƙasar Maraɗi kusan shekara 50 kafin sabuwar fassara ta fito wajen 1980.

Waɗanda suka kawo shi ƴan Sudan Interior Mission ne, SIM, ƙungiyar da Gowans da Kent da Bingham suka fara a 1893. Sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare sun kafa zango a Tsibirin Gobir, wanda yau ke cikin gundumar Gidan Rumji. Asibitin Galmi ya biyo baya a 1950, sai na kutare a Danja. Wajen samun ƴancin kai a 1960 ikilisiyar ƴan ƙasa, EERN, ta tsaya da ƙafarta. An koyar da masu bishara a Tsibiri, daga baya makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye ta zama inda ƙauyukan yankinmu ke tura mutanensu. Da Hausa ake karatu a can, kuma manufar a fili take: a fitar da mutumin da zai koma ƙauye ya yi noma kamar kowa, ya karanta Littafi, ya tara jama'a ran Lahadi.

A nan ne hanyar Helenanci ta toshe, kuma ba don mutanenmu ba su da kai ba ne. Yawancin Turawan SIM masu jin Turanci ne, daga Amurka da Kanada da makamantansu, da yawansu kuma sun fito ne daga makarantun horon masu bishara irin su Moody a Shikago da Prairie a Kanada, inda aka fi ba da ƙarfi ga sanin Littafi a fassarar Turanci da fita wa'azi. Ta Najeriya suka biyo, da Hausa a bakinsu, suka tarar da ƙasa a hannun Faransa, wadda ba ta san wani karatu ba in ba na lakwal da Faransanci ba. Su kuma ba su ɗauki buɗe lakwal a matsayin aikinsu na farko ba. Sai Kiristan Maraɗi ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: ya iya karatun Hausa da boko, wanda gwamnati ba ta lissafa shi a karatu, bai kuma iya Faransancin da zai kai shi gaba ba. Wata masaniyar tarihi, Barbara Cooper, ta bi diddigin wannan a littafin da ta wallafa a 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda batun makaranta ya daɗe yana zama tsami tsakanin mishan da ƴan ƙasa. Helenanci kuwa ba a isa gare shi sai an bi ta sakandare, a bi ta babbar makarantar tauhidi. Wanda aka tare shi a mataki na farko, ina zancen na uku?

Maƙwabtanmu na kudu sun riga mu. Suna da makarantun Igbaja da Kagoro, makarantar tauhidi ta Bukuru ta fara karatu a 1959, ta ECWA a Jos ta buɗe a 1980. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, ya kai har digirin digirgir a Dalas ta Amurka a 1974, shi ne kuma ya dage sai an kafa wa ƙasashe masu jin Faransanci tasu babbar makaranta. An buɗe ta a Bangi a 1977, bayan ya rasu a 1975. Daga Gangara zuwa Katsina tafiyar yini ce ko ƙasa da haka, amma ta fuskar karatu iyakar nan ta fi kowane daji faɗi.

To yaya suke shirya wa'azi, mutanen da ba su da sharhi, ba su da ƙamus, ba su da asali?

Akwai wani dattijo mai bishara a wani ƙauye na yankinmu, kowa Malam yake ce masa, Musulmi da Kirista. Ran Asabar in ya dawo gona yakan wanke ƙafa, ya shimfiɗa tabarmar kaba a ƙofar ɗaki, ya goge gilashin fitilar ƙwai da gefen riga. Littafinsa cikin jakar fata yake, irin gafakar almajirai. Bangon ya saɓule tun tuni, wani baduku ya ɗinke masa da jan fata. Guntun fensir na maƙale a tsakiya. Ba ya karatu a zuci. Da murya yake yi, yatsa na bin layi, ya kai ƙarshen labari ya komo farko, ya sake, har sai ya iya rufe littafin ya faɗe shi da ka. Sannan ya juya wajen murhu, inda uwargida ke tuƙa tuwo, ya ba ta labarin kamar wanda ya gani da idonsa. In ta ce ba ta gane wani wuri ba, ba ya gardama, sai ya sake masa tufafi. Yakan ce abin da bai shiga kunnen mai tuƙa tuwo ba, ba zai shiga kunnen masu zama bayan majami'a ba.

Dole ne ma ya yi haka, domin Hausar littafin ba ita ce ta bakin jama'arsa ba. Su Katsinanci suke yi, na Tsibiri kuma Gobiranci, littafin kuwa da harshen Kano da Zazzau yake magana, da wasu kalmomin da Turawa suka tono daga bakin malamai. Saboda haka duk ran Lahadi Malam fassara yake yi a kan fassara. Ruwan da yake ba jama'a daga moɗa ne, moɗa daga randa, randa daga tulu, rijiyar kuwa ba wanda ya taɓa leƙa ta. Ruwa ne dai, yana kashe ƙishi, amma in wani ya ce ya ji ɗanɗanon wani abu a ciki, ba mai iya cewa daga rijiya ne ko daga tulu.

Duk da haka kada wani ya raina abin da suka iya. Wata Lahadi da farkon damina Malam ya yi wa'azi kan misalin mai shuka, wanda irinsa ya faɗa wurare dabam-dabam, wani kan hanya, wani kan dutse, wani cikin ƙaya. Da aka tashi, wani magidanci ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, “Malam, Allah ya gafarta maka, wane irin manomi ne wannan? Mutum ya ɗauki iri ya zuba kan hanya?” Tambaya ce mai nauyi a ƙasar da ake shuka da sungumi, namiji na gaba yana sara, mata da yara na biye suna jefa ƴan ƙwayoyi suna rufewa da diddige. Ga shi kuma mutane ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda ake kira El-Buhari, lokacin da wasu suka cinye har irin da suka ɓoye a rumbu. Malam ya yi shiru, sannan ya ce a ganinsa mutanen waccan ƙasa yafi suke yi, kamar yadda wasu ke yafa shinkafa a fadama, ba saran rami ba, shi ya sa iri ke tsallake gona. Ya faɗi daidai. Haka manoman Galili ke shuka alkama da sha'ir. Ba Helenanci ne ya gaya masa ba, sanin noma ne da daɗewa da labarin a baki. Wannan irin basira ba a sayo ta a makarantar tauhidi, kuma na ga masu digiri da ba su da rabinta.

Amma akwai tambayoyin da basira ba ta amsa su, sai ilimi.

Helenancin Sabon Alkawari ba na manyan masu falsafa ba ne. Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ya mutu shekara 323 kafin haihuwar Almasihu, harshen Girka ya bazu daga Masar har ƙasashen gabas, ya zama harshen fatake da sojoji da masu rubuta wasiƙa, kowace ƙabila na yin sa da nata lafazi. Yahudawan Iskandariya ma da shi suka fassara Attaura tun kafin zuwan Yesu. Shi kansa Yesu Aramiyanci ne harshen gidansu, ɗan'uwan Ibrananci da Larabci, amma da aka zo rubuta labarinsa, sai aka rubuta da harshen da ya fi yawan masu ji. Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya da ya koyar a jami'ar Yale, ya gina babban littafinsa na 1989 kan wannan, cewa addinin Kirista tun daga ranar farko a fassare yake, ba shi da harshe guda da ya zama dole a yi ibada da shi. Na yarda da shi. Sai dai wasu sun mai da wannan magana matashin kai. Cewa Allah yana jin Hausa ba ta ɗauke wa mai koyarwa nauyin sanin abin da Markus ya rubuta da hannunsa ba.

Ranar da na fara ganin littafin Helenanci a ƙauye, wani saurayi ne ɗan yankin ya zo da shi. Ya yi sakandare a Maraɗi, ikilisiya ta tura shi makarantar tauhidi a waje, ya dawo hutu. Ƙaramin littafi ne mai shuɗin bango, takardarsa shara-shara, ana hango rubutun baya ta gaba. Ya kai wa Malam gaisuwa, ya durƙusa ya miƙa masa. Dattijon ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana duban haruffan, guda 24 ne, wasu sun yi kama da na boko wasu kuma baƙi ne sarai. Ya ce, “Ɗana, ja mini wurin mai shuka in ji.” Yaron ya buɗe Markus sura 4 ya karanta a hankali, yana tuntuɓe nan da can. Malam bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya sa aka kira maƙwabcinsa, wani malamin allo da suka daɗe suna muhawara cikin raha, ya ce masa ga baƙin nan da kake tambaya. Malamin ya karɓa da ladabi, ya jujjuya, ya yaba kyan bugun.

Sai idon dattijon ya sauka kan wasu ƙananan rubuce-rubuce da ke ƙasan kowane shafi, haruffa da lambobi cunkushe kamar lissafi. Ya tambaya. Saurayin ya yi masa bayani cewa kafin injin buga littafi da hannu ake kwafar Linjila, kuma kwafe-kwafen Helenanci da suka rage a duniya sun haura 5,000. Akwai ɗan guntun takarda daga Linjilar Yahaya, bai kai tafin hannu ba, da aka samo a Masar, yana ajiye a Manchesta, masana na kai shi ƙarni na 2. Akwai manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, ɗaya a Fatikan, ɗaya kuma an samo shi a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i. Masu kwafa mutane ne, wani ya tsallake kalma, wani ya sauya harafi, wani ya shigar da bayanin gefe cikin layi. Rubutun ƙasan shafin shi ne ke nuna wane kundi ya ce me. Erasmus ne ya fara fitar da bugaggen Sabon Alkawari na Helenanci a 1516 daga ƴan kundaye kaɗan, Eberhard Nestle ya fara wannan mai shuɗin bango a 1898, ana ta gyara shi har aka kai bugu na 28 a 2012. Mafi yawan bambance-bambancen na rubutun kalma ne ko jerin kalmomi, ba sa taɓa ma'ana. Manya guda biyu ne. Labarin matar da aka kama da zina, a farkon Yahaya sura 8, babu shi a kundaye mafi tsufa. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, su ma babu su a manyan kundayen nan biyu.

Malam ya yi wa'azi kan waɗannan ayoyi ba sau ɗaya ba. Ya ɗan jima bai ce komai ba, sannan ya tambaya, “Turawan da suka koya mana, sun san da wannan?”

“Wasunsu sun sani, Baba.”

“Da sun gaya mana,” in ji shi. Bai ƙara ba.

Ina ganin yana da gaskiya, kuma wannan shi ne babban abin da aka rasa a wancan zamani. Ƙila masu koyarwar sun ji tsoron girgiza bangaskiyar sababbin masu bi. Amma abin da ka ɓoye wa ɗanka a gida zai ji shi a kasuwa, daga bakin wanda ba ya nufinsa da rarrashi. Daga tsakiyar shekarun 1980 kaset-kaset na Ahmed Deedat, mai muhawarar nan na Afirka ta Kudu, suka cika ƙasar Hausa, har da muƙabalarsa da Jimmy Swaggart ta 1986. Irin waɗannan wurare ne yake buɗewa yana nunawa. Samari suka haddace, suka riƙa tare masu bishara da su. Mai bisharar da bai taɓa jin zancen ba, ko dai ya musanta abin da yake gaskiya, ko ya sunkuyar da kai. Da an koya masa, da ya amsa cikin natsuwa cewa malaman Kirista ne da kansu suka tattara kundayen, suka gwada su, suka buga sakamakon a ƙasan shafi don kowa ya gani. Ko abokin muhawararsa bai gamsu ba, an dai yi magana tsakanin masu sani biyu, abin da al'adar malanta ta ƙasar Hausa ta saba girmamawa.

Ba kare kai kaɗai Helenanci ke yi wa mai wa'azi ba. Babban amfaninsa shi ne yana tilasta maka tafiya a hankali. Wanda ya haddace labari da Hausa idonsa kan zame a kai, wanda kuwa ke fama da kowace kalma dole ya ga abin da ke wurin. Sai ya lura Markus ba ya rubutu kamar Luka. Luka ya buɗe littafinsa da jimla ɗaya doguwa, gogaggiya, ta mai ilimi da ke rubuta wa babban mutum. Markus kuwa gajerun jimloli yake jerawa, wannan na bin wannan, yana gaggawa, yana ba da labarin abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa a gabanka, yadda mai ba da labari a dandali ke cewa sai ya tashi, sai ya shiga, sai ga wani. Surori 16 ne kacal, ana iya karance su a zama ɗaya, kuma don kunne aka tsara su. Ashe tsofaffin da ke rufe littafi su faɗi labarin da ka sun fi kusa da Markus fiye da yadda su da kansu suka sani.

Zai kuma lura cewa lambobin sura da aya ba na marubutan ba ne. An raba surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa musu lamba a 1551. Tsoffin kundaye ko tazara tsakanin kalmomi ba su da ita. Wannan ya shafi wata ɗabi'a da muka gada, ta tsinko aya guda a gina wa'azin awa ɗaya a kanta. Dubi Markus sura 5. Ya fara labarin Yayirus da ƴarsa mai shekara 12 da ke bakin mutuwa, ya katse shi da labarin matar da ta shekara 12 tana zubar jini, sannan ya koma ya ƙarasa na farko. Da gangan ya cusa ɗaya cikin ɗaya, babban mutum mai suna da mace marar suna, don kowanne ya haska ɗan'uwansa. Na sha jin an yi wa'azin ɗaya wannan mako, ɗayan kuma bayan wata uku, ba wanda ya haɗa su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Bahaushe yana da wata riba wajen koyon wannan harshe, amma hanyar da ake bi da shi tana zubar da ita. Helenanci yana rarrabe magana da mutum ɗaya da magana da jama'a. Hausa ma haka, muna da kai da ke da ku. Turancin yau kuwa kalma ɗaya gare shi ga duka. A Luka sura 22 akwai inda Yesu ke magana da Bitrus, ya fara da nufin almajiran duka, ya juyo kansa shi kaɗai. Mai karatu da Turanci sai an yi masa bayani a gefe, Bahaushe kuwa kunnensa ne zai gaya masa. Haka aikatau. Abin da ya fi wahalar da ɗalibai a Helenanci shi ne yadda yake bambanta aikin da aka duba a dunƙule da wanda ke gudana ko ake maimaitawa. Mu kuwa tun muna goye muke cewa ya roƙa, yana roƙo, yakan roƙa. Amma ɗalibinmu da ya je Yamai, a makarantar ESPriT, ko Bangi, ko Jos, da littafin nahawu na Faransanci ko na Turanci zai koya, irin na Wenham ko na Mounce. Sai ya ɗauki abin da Hausarsa ta riga ta sani, ya kai shi Faransanci ya sha wuya, sannan ya dawo da shi gida a gajiye.

Yau abubuwa sun sauya, ba shakka. Fitilar ƙwai ta ba fitilar sola wuri. Littafin da saurayin nan ya yi tattalinsa cikin leda yanzu yana cikin wayar hannu kyauta, ka taɓa kalma ta nuna maka asalinta da lambarta. Sabuwar matsala kuma ta biyo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yanzu sai ka ji matashin da bai taɓa zama aji ɗaya na nahawu ba ya hau bagade yana cewa a Helenanci kalmar nan tana da ma'ana bakwai, ya jero su duka ya ɗora wa aya ɗaya, tsofaffi na gyaɗa kai don ba su da ta cewa. Wannan ba fassara ba ce, burga ce. Kalma ba ta ɗaukar duk ma'anoninta a jimla guda, a kowane harshe. Mafi muni, irin wannan wa'azi yana sa manomi ya ji cewa littafin Hausa da ke hannunsa na jabu ne, gaskiyar tana cikin wayar fasto. Malamin da ya koyi harshen da gaske ba safai za ka ji ya ambace shi a kan bagade ba. A ɗaki yake aikinsa da shi ran Asabar, ran Lahadi ya fito da Hausa mai tsabta, kuma sau da yawa abin da binciken ke nuna masa shi ne masu fassarar sun yi aikinsu da kyau.

Ba kowane mai bishara ne ke bukatar Helenanci ba, kamar yadda ba kowane limamin ƙauye ne ya sauke manyan littattafan nahawun Larabci ba. Amma kowane limami ya san malamin da zai je wurinsa in magana ta cije, kuma wannan malamin da Hausa zai warware masa. Wannan ne har yanzu ya yi ƙaranci a ƙauyukanmu. Aikin kuma bai kai girman da ake tsoro ba. Kalmomin Sabon Alkawari dabam-dabam kimanin 5,400 ne, amma guda 320 da suka fi yawan maimaituwa sun ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun. Yaron da ya iya haddace izu-izu a tsangaya, ko ya riƙe sunayen gonakin gari da iyakokinsu a ka, wannan ba zai gagare shi ba.

Kira na ga shugabannin EERN da sauran ikilisiyoyin jihar Maraɗi, da ƴaƴanmu da suka yi karatun tauhidi mai zurfi suka zauna Yamai: ku zauna ku tsara darasin Helenanci da Hausa, kai tsaye, ba ta Faransanci ba, a fara da Linjilar Markus ko ta Yahaya mai sauƙin kalmomi. A kawo shi Agye da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, lokacin da masu bishara ke da sarari. A haɗa da tarihin kundaye ba tare da ɓoye komai ba. A kuma gayyato dattawan da suka rage cikin waɗanda suka yi wa'azi da fassarar 1932 su zauna cikin ajin, domin tambayoyin da za su yi ba sa cikin kowane littafin nahawu, kuma ba su da sauran shekaru masu yawa da za su jira mu.